Musafahar Kwamfutoci: Yadda Ake Gano Abin da Ya Yanke Ta

Ɗalibin da ya shiga shagon intanet a Gyadi-Gyadi ko Tarauni domin duba sakamakon jarrabawa yakan ci karo da gargaɗi cewa haɗin ba amintacce ba ne. A can nesa kuwa, sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, takan rubuta a kundinta cewa musafaha ta yanke. Wannan layi alama ce kurum, kamar zazzaɓi a jikin mutum, kuma ba a ba da magani sai an gano cutar.

Kafin kwamfutoci biyu su yi zance a asirce, sai sun yi musafaha bisa ƙa'idar TLS, wadda ta gaji SSL a 1999. Sabar takan miƙa takardar shaida mai ɗauke da sunanta, da wa'adinta, da sa hannun hukumar da ta bayar. Kwamfutar baƙo takan tantance ta, kamar yadda garkuwar jiki ke bambance nata da bare.

Mai bincike sai ya yi wa kundin tambayoyi uku.

Na farko, yaushe kuskuren ya soma? In ya ɓarke wa mutane da yawa a lokaci guda, a duba wa'adi. Ranar 30 ga Satumba, 2021, wata tushen takarda da Let's Encrypt ke dogaro da ita ta ƙare, tsofaffin na'urori da dama suka kasa buɗe shafuka.

Na biyu, wa abin ya shafa? In kwamfuta ɗaya ce, a duba agogonta. Ƙaramin batirin da ke riƙe da lokaci yakan mutu, da an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, ta ƙi takarda lafiyayya.

Na uku, da wane harshe baƙon ya zo? Manyan manhajojin lilo sun yi watsi da TLS 1.0 da 1.1 a 2020, saboda haka tsohuwar na'ura da sabuwar saba kan kasa fahimtar juna.

A sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, a rubuta sakamako. Kada kuma ɗalibi ya tsallake gargaɗin ya shigar da lambar sirrinsa, domin wani lokaci ɓarawo ne tsaye a tsakani.

Aikin aji: ku mayar da agogon kwamfutar makaranta shekara biyar baya, ku buɗe wani shafi, ku bayyana abin da kuka gani.