Rarar kuɗin da mai sayen mota ya ce ya turo bisa kuskure

Labari guda ake ta kawo mini, sunan motar ne kawai ke canzawa. Mutum ya ɗauki hoton Corollarsa ya saka a Jiji ko Facebook don ya huta da la'adar dillalai, ya sa mata, a ce, naira miliyan 6. Kafin magariba wani ya kira, wai daga Abuja. Bai tambayi lafiyar inji ba, bai nemi ganin takardar kwastan ba, ko tayi bai yi ba, ya ce ya saya. Can sai ga alat na miliyan 6 da dubu 800, sai ga kira cikin rawar murya: "Ranka ya daɗe, yarona ne ya haɗa da kuɗin direban da zai ɗauko motar. Don Allah a tura wa direban rarar a wannan lambar, yana hanya." Mai mota ya tura. Washegari a banki aka ce masa ko kwabo bai shigo ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne bayanin da ke biyo baya a majalisa. Wai kuɗin asiri ne, suna shiga asusu su koma wurin mai su, har su ja na ciki su tafi da su. Na ji wannan magana daga bakin mutanen da suka yi boko mai zurfi. Jama'a, babu aljani a na'urar banki. Tun 2011 da NIBSS ya fara tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankunan Najeriya, duk nairar da ta motsa tana barin sawu: lokaci, lamba, da asusun da ta fito. Kuɗin da aka ce sun "ɓace" galibi ba su taɓa zuwa ba. Saƙon tes kawai ka gani, kuma ɗan damfara na iya tura shi ɗauke da sunan bankinka, har ya faɗa cikin jerin saƙonninka na gaskiya. Hoton rasit da ake turowa ta WhatsApp kuwa yaro ma zai haɗa shi a waya. Wanda ya yarda asiri aka yi masa, wurin mai magani zai nufa, alhali sa'o'in farko ne kaɗai ake da begen tare kuɗin a banki.

Wani lokaci caki ake sakawa. Adadin zai bayyana a lissafin asusunka, amma ba ya cikin abin da za ka iya cira sai ya wanku. Idan ya dawo, banki ya goge shi, rarar da ka tura daga aljihunka ta tafi. Wata dokar Najeriya ta 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu ga mai ba da cakin da babu kuɗi a bayansa, sai dai a kama shi tukuna. 'Yan'uwanmu da ke Amurka su ƙara kula, don can doka ta wajabta wa banki ya saki kuɗin caki cikin 'yan kwanaki, jabu kuma kan ɗauki makonni kafin a gano shi.

Damfarar da ta fi muni ita ce wadda kuɗin suka shigo da gaske. Ka buɗe manhajar banki, ga su, ka ma iya cira. Daga asusun wani bawan Allah da aka yi wa kutse aka turo su. Kai kuma ka ɗebi "rarar" ka aika asusu na uku da aka ba ka. Ranar da mai kuɗin ya kai ƙara, sawun farko a ƙofarka zai tsaya. Za a rufe asusunka, a nemi ka dawo da duka, wataƙila motar ma ta riga ta tafi, sannan ka zauna kana yi wa 'yan sanda ko EFCC bayanin dalilin da ya sa ka tura kuɗin sata ga mutumin da ba ka taɓa gani ba.

Don haka a nan zan dage. Kada ka mayar da rara da hannunka. Kada ka mayar ko ya yi kuka, ko ya ce matarsa na asibiti, ko ya haɗa ka da Allah da Annabi. Na san abin da 'yan damfara suke taɓawa: yawancin waɗanda aka cuta tsoron cin haƙƙin wani ne ya sa su gaggawa, da kunyar a ce Alhaji ya riƙe kuɗin mutane. Wannan hali ne mai kyau, kuma jinkirin kwana biyu ba ya rage shi. Ka ce masa: "Malam, je bankinka ka shigar da takarda, ni ma zan je nawa, su mayar da kuɗin inda suka fito." Mai gaskiya zai yi haka. Ɗan damfara zai fara zagi ko ya kashe waya. In kuwa sunan wanda ya turo daban, na mai saye daban, na wanda za a mayar wa daban, ciniki ya ƙare.

Bankuna ma da laifinsu. Duk wata suna yankar kuɗin alat, sun sabar wa mutane cewa ƙarar waya ita ce shaidar biya, amma da wuya ka ga ma'aikaci ya zaunar da ɗan kasuwa ya nuna masa bambancin abin da aka rubuta da abin da ya tabbata.

Ga yadda ya kamata a yi ciniki: mai saye ya zo da bakanikensa ya ga mota, ya kushe ta kamar yadda aka saba. A yi biya a harabar banki, daga asusun da ke ɗauke da sunansa, a rubuta yarjejeniya da shaidu, sannan makulli da takardu su bar hannunka. Kuɗin direba tsakaninsa ne da direbansa.

In ka riga ka tura, yau ɗin nan ka je banki da ƙafarka, ka rubuta koke, ka karɓi lambar shaidar koken, ka roƙi su sanar da bankin da kuɗin suka tafi a tare asusun. Kada ka goge saƙo ko lambar waya ko guda. Ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ba, ka miƙa koken ga sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, haɗe da waccan lambar.