Daga Dogon Dutsi zuwa Jidda

A zamanin da, mutanen Arewa masu niyyar hajji sukan tafi da ƙafa ko bisa jaki. Sukan ratsa Cadi da Sudan, su ƙetare Bahar Maliya. Wasu sukan yi shekaru ba su dawo ba.

Yau maniyyaci yana shiga mota a Dogon Dutsi, ya bi ta Doso zuwa Yamai. Nisan hanyar kimanin kilomita 275 ne, tafiyar kamar awa 4.

A Yamai sai ya hau jirgi a filin jirgin sama na Diori Hamani. Daga nan zuwa filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wanda aka buɗe a 1981, kimanin kilomita 4000 ne. Babban jirgi yana cin kilomita 800 a awa guda. Mu raba nisa da sauri:

4000 : 800 = 5

Ke nan tafiyar awa 5 ce, in jirgin ya miƙe bai yi zagaye ba. Iska takan ƙara lokacin ko ta rage shi.

A lura: agogon Jidda yana gaban na Nijar da awa 2, domin rana tana riga fitowa a gabas.

Tambayoyi

1. Me ya sa hajjin da yake daɗewa?
2. Jirgi ya tashi daga Yamai da ƙarfe 8 na safe. Ƙarfe nawa zai sauka a agogon Jidda?
3. Mota tana cin kilomita 80 a awa. Awa nawa za ta yi kafin ta ci kilomita 4000?