Matani da sharhi a kundin gado: yadda ake ciro tsarin TP53

Tun 1971 ake haƙar uraniyum a Arlit, ramin COMINAK da ke dab da Akokan kuwa ya yi aiki daga 1978 har zuwa Maris 2021. Iskar radon, wadda ke taruwa a irin waɗannan ramuka, tana haddasa ciwon dajin huhu. Shi ya sa masu bincike suka daɗe suna neman sawunta a ƙwayar gado mai suna TP53, wadda aikinta shi ne taka wa sashen jikin da ya lalace birki kafin ya yaɗu. A 1994 wani nazari a mujallar Lancet ya ruwaito sauyi iri ɗaya a gurbi na 249 cikin mahaƙa 16 daga 52 a Amurka; nazarce-nazarcen da suka biyo baya ba su tabbatar da shi ba. Tambayar ɗalibin harshe ita ce: 249 daga ina aka fara ƙirge?

Kundin gadon ɗan Adam matani ne na haruffa huɗu, A, C, G, T, kimanin biliyan 3, babu aya babu tazara. Abin da ke cewa ga farkon ƙwaya, ga yankin da ake karantawa, wato ekzon, ga wanda ake tsallakewa, wato intron, sharhi ne da aka ajiye dabam, aka ɗaure shi da matanin ta lambobi kawai. Duk wanda ya taɓa yi wa sautin magana alamomi a Praat ko ELAN ya san wannan tsari, ya kuma san haɗarinsa: a yanke daƙiƙa biyu daga farkon sautin, duk alamomin sun goce.

Rumbun Ensembl da ke Hinxton a Ingila yana ba da wannan sharhi ta manhaja, ko ta biomaRt a cikin R, ko ta buƙata kai tsaye daga Python. A aika masa lambar ENSG00000141510, sai ya maido da cewa TP53 tana kan kuromosom na 17, tare da jerin kwafe-kwafen da ake fitarwa daga gare ta. Sanannen kwafin yana da ekzon 11, yana ba da furotin mai guraba 393, kuma 249 na cikin ekzon na 7. Akwai wani kwafin da furotinsa ke farawa daga gurbi na 40. A can ƙirgen duk ya sauya.

Tarkon bai ƙare nan ba. TP53 na kan igiyar da ake karantawa a juye, kamar layin ajami da aka ƙirga haruffansa daga hagu, don haka ekzon na farko shi ke da lamba mafi girma. Fayil ɗin GFF3 na fara ƙirge daga 1, na BED daga 0. Mafi muni, matanin kansa bugu-bugu ne: tsakanin GRCh37 na 2009 da GRCh38 na 2013 ƙwayar ta matsa da haruffa kusan dubu 100. Manhajar ba ta yin gargaɗi. A ba ta lambobin tsohon bugu, sai ta miƙo haruffan wani wuri cikin natsuwa.

Saboda haka rahoton da za a kafa hujja da shi kan lafiyar mahaƙin Arlit sai ya ambaci bugun matani, da lambar fitowar Ensembl, da lambar kwafin da aka yi ƙirge a kansa, wanda ga sanannen kwafin TP53 shi ne ENST00000269305.