Rage Leda a Cikin Gida

Leda, wato siririyar robar da ake ƙulla kaya a ciki, ba ta ruɓewa, shi ya sa take toshe magudanan ruwa da damina, ta kuma cunkushe tumbin awaki har su rame su mutu. Hura wutar girki da ita babban kuskure ne, domin hayaƙinta na cutar da huhu. Magidanci zai rage ta idan ya riƙa zuwa cefane da kwando, yana auno hatsi da mudu maimakon ƙulli-ƙulli, wanda ya fi tsada. Ruwan da aka tafasa aka zuba a randa ya fi na leda araha, robobin lemo kuwa a tara a sayar wa 'yan bola jari. Wajibi ne a daina ƙulla koko mai zafi a leda.