Layin Dogo da Kafuwar Sabon Garin Zariya

1.0 Gabatarwa

Masana tarihi kan kafa misali da Titin Afiya, wanda Rumawa suka fara shimfiɗawa daga birnin Rum zuwa Kafuwa a shekara ta 312 kafin Miladiyya, wanda har yau ake taka duwatsunsa. A ƙasar Zazzau, hanyar da ta bar irin wannan gurbi ita ce layin dogo. Wannan darasi zai duba yadda aka gina shi da tasirinsa a kan gari da harshe.

2.0 Gina Layin

An fara aikin daga Baro, a bakin Kogin Kwara, a 1907, zamanin Gwamna Girouard. Layin ya ratsa Zariya, ya isa Kano a 1911. Babban burin Turawa shi ne kwasar amfanin gona, musamman auduga, zuwa bakin teku. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara talakawa, galibi bisa tilas, suna sarar daji, suna jidar ƙasa da kwanduna a ka. A 1929 aka kammala reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Samaru da Funtuwa da Gusau zuwa Ƙaura Namoda.

3.0 Tasirinsa

A gefen tashar jirgi Sabon Gari ya tsiro, inda ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, Yarabawa da Ibo da Nufawa da sauransu, suka zauna. Hausa ta zama harshen cinikinsu, ita ma ta ƙaru ta hanya biyu. Ta farko ita ce aro daga Ingilishi, kamar tasha da tikiti da lebura. Ta biyu ita ce faɗaɗa ma'ana: jirgi, wanda a da na ruwa ne kaɗai, ya haifi jirgin ƙasa, kalmar dogo kuma ta zama sunan layin kansa. Daga nan unguwar Hayin Dogo da ke Samaru ta sami sunanta.

4.0 Kammalawa

Zirga-zirgar jirgi a tsohon layin ta ja baya ƙwarai, amma garin da ya kafa da kalmomin da ya kawo suna nan. Wajibi ne malamin Hausa ya nuna wa ɗalibansa asalinsu, don kada tarihin ya ɓace musu.

Auna Fahimta

1. Bambanta aro da faɗaɗa ma'ana, tare da misalai.
2. Kawo sunayen unguwanni uku a garinku da suka samo asali daga wata hanya.