Inda ɗalibi zai nemi ilimi a intanet

Iyaye da ɗaliban Paikon Kore, ba kowa ke iya zuwa ɗakin karatu na Jami'ar Abuja kullum ba, ga kuɗin mota zuwa Gwagwalada. Amma wayar da ke hannunku za ta iya rage wannan wahala.

Ku fara da shafin Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wato NOUN. Littattafan darussanta suna nan kyauta, an rubuta su domin mai karatu shi kaɗai, ba malami a gabansa. Wannan ya sa na fi son su ga uwa ko uba da ke koyar da manyan yara a gida. A sauke su lokacin da sabis ke da ƙarfi, daga baya a karanta ko babu data.

Mai rubuta kundin kammala karatu kuwa ya leƙa AJOL, rumbun mujallun binciken Afirka da aka fara a 1998. A nan zai tarar da aikin malaman Zariya, Kano da Sakkwato kan noma, kiwo da lafiya, abubuwan da suka shafe mu kai tsaye. Wasu maƙalun kyauta ne, wasu sai an biya. Rumbun mujallu na JSTOR ma yana barin wanda ya yi rajista ya karanta wasu maƙalu kyauta a kowane wata.

Kada a sauke komai kafin a karanta taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala. A duba shekararta, a rubuta sunan marubucin a littafi nan take, domin malami zai tambaya.