Yadda Ake Ɗaukar Bidiyon Mawaƙa a Lif, a Tasi da Bakin Titi

A shekarar 2006 wasu mutum biyu a birnin Paris, Christophe Abric mai shafin kiɗa na La Blogothèque da mai ɗaukar hoto Vincent Moon, suka fara fito da mawaƙa daga dandamali suna kai su lungu, mashaya, matattakalar bene da cikin gidajen mutane, su ce a yi waƙa a nan, kyamara ɗaya na ɗauka. Shekara guda bayan haka aka fara irinsa a Landan, inda ake saka mawaƙi a bayan baƙar tasi ya rera waƙa ɗaya, a ɗauka sau ɗaya, mota na tafiya. A 2008 gidan rediyon NPR na Amurka ya buɗe nasa a bayan teburin ma'aikacinsa Bob Boilen, cikin ofis, tsakanin littattafai da tarkace. Wanda ya kalli irin waɗannan bidiyoyi zai ɗauka sa'a ce kawai aka taka. Akwai sa'a a ciki, amma sai an shirya mata wuri. Asirin aikin kuwa guda ne: wurin da aka zaɓa shi ma makaɗi ne, kuma da shi ake tsara waƙar.

Zaɓen wuri da kunne

Yawancin masu kyamara ido ke jan su. Su ga bango mai kyau ko hasken yamma, su ce nan ne. A wannan aiki kunne ke shiga gaba. Idan ka isa wuri, ka tsaya tsakiya ka yi tafi ɗaya mai ƙarfi, ka yi shiru ka saurara. Siminti, tayil, gilashi da ƙarfe suna mayar da sauti, shi ya sa matattakalar bene da bayan gida ke da amsa-kuwwa. Labule, kafet, katifa da jikin mutane suna shanye shi. Fili kuwa ba ya mayar da komai, muryar tafiya take yi ba ta dawowa.

Abin da tafin nan ya gaya maka shi zai zaɓi waƙar. Wuri mai dogon amo yana son waƙa mai sanyi, mai jan murya, ko muryoyi da yawa ba kayan kiɗa. Ka kai masa ganga mai sauri, bugu ya hau kan bugu, komai ya cakuɗe. Ƙaramin ɗaki mai shanye sauti shi ke ɗaukar kiɗa mai sauri da kalmomi masu yawa.

Bayan tafin, ka ƙara minti biyu kana sauraron abin da ba ka kira ba: firji, fanka, na'urar sanyaya ɗaki, janareta, ƙarar taransifoma. Ƙara mai zuwa ta wuce, kamar hon ɗin mota ko kukan yaro, ado ce. Ƙara mai ɗorewa ita ce annoba, domin tana kwance ƙarƙashin waƙar daga farko har ƙarshe, kuma cire ta a kwamfuta yana tafiya da wani ɓangare na muryar. Ka kuma je wurin a daidai lokacin da za ku yi aikin. Lungun da yake tsit da hantsi yana iya zama kasuwa da la'asar.

Rage kaya, sake tsara waƙa

Mataki na biyu shi ne zama da mawaƙan, kuma nan ake ja-in-ja. Mai jita yana son lasifikarsa, mai ganga yana son cikakken kayansa. Aikinka ka shawo kansu su ɗauki abin da hannu zai iya riƙewa ana tafiya, sauran kuma a nema a wurin.

Misalin da aka fi ambata shi ne na ƙungiyar Arcade Fire ta ƙasar Kanada a 2007. An cusa su cikin lif ɗin ɗaukar kaya na zauren Olympia a Paris, kafaɗa da kafaɗa, masu goge na neman inda za su ja hannu. Babu wurin ganga. Sai aka riƙa dukan rufin lif ɗin, wani kuma yana yaga shafukan mujalla a kan bugu, ƙarar yagewar ta zama kiɗa. Waƙar da suka yi, Neon Bible, tana cikin kundinsu, amma wannan siga tata ba ta samuwa sai a cikin wannan akwatin ƙarfe. Abin da ake nema ke nan: waƙar ta sauya saboda wurin. Idan za a iya ɗauke mawaƙan a ajiye su wani waje waƙar ta fito iri ɗaya, to bango kawai aka yi haya.

Tunda babu na'urar daidaita sauti, da ƙafa ake daidaitawa. A fili, duk lokacin da nisan abu daga makirufo ya ninka, ƙarfinsa yana raguwa da kusan desibel 6. Don haka mai murya ya matso, mai ƙaho da mai ganga su ja baya. A teburin NPR ma ba a ƙara wa mawaƙi murya da lasifika a cikin ɗakin, dole makaɗa su sassauta har su ji shi da kunnensu.

Sauti kafin hoto

Mai kallo yana yafe hoto mai rawa ko mai duhu, amma ba ya yafe sauti mara kyau. Kada ka dogara da makirufon da ke jikin kyamara. Abin da aka saba shi ne a maƙala wa mai waƙa ƙaramin makirufo a ƙirji, a ɓoye a riga, sannan a sami wani makirufo mai kunne biyu da zai kwaso ɗakin gaba ɗaya, a haɗa su a rikoda ta daban. Na ƙirji yana ba da kalmomi, na ɗaki yana ba da wurin. A waje kuwa dole a sa wa makirufo rigar gashi mai tare iska, ko da kana ganin iskar ba ta kai ta kawo ba.

Mai sauti ya sa abin ji a kunne tun daga farko har ƙarshe. Ya sa mawaƙi ya rera wurin da ya fi ɗaga murya, ya saita yadda ma'auni ba zai wuce kusan desibel 12 ƙasa da ƙololuwa ba, domin da an fara na gaske kowa yana ƙara ƙarfi. A ɗauka a kan kilohaz 48, wanda shi ne ma'aunin bidiyo. Kafin a fara waƙa, wani ya yi tafi ɗaya a gaban kyamara. Da shi za a haɗa hoto da sauti daga baya.

Kyamara ɗaya, ɗauka ɗaya

Salon Vincent Moon kyamara ce a hannu, ba a yankewa. Dalilinsa a fili yake: da zarar an yanka, mai kallo ya san ana iya gyara, sai ya daina jin cewa abin a gabansa ke faruwa. Wannan yana ɗora wa mai kyamara nauyin sanin waƙar kamar shi ya rubuta ta. Ya san inda amshi zai shigo, ya riga shi isa. Ya san inda za a yi shiru, ya tsaya cak. Tafiyarsa irin ta mai ɗauke da kwano cike da miya ce, gwiwa a sake, diddige kafin yatsu.

Ka fara ɗauka tun ana tafiya zuwa wurin, kada kuma ka kashe da waƙa ta ƙare. Dariya, numfashi, tafin mutum uku da suka tsaya, duk cikin aikin suke. Lensi mai faɗi ya fi, domin yana rage rawar hannu yana kuma nuna wurin. Idan akwai fitilar lantarki, a ƙasashen da wutarsu ke kan haz 50, kamar Faransa, Nijeriya da Nijar, ka ɗauka a hoto 25 cikin daƙiƙa, in ba haka ba hasken zai riƙa ƙyaftawa. Idan sai an maimaita, kada ku wuce ɗauka biyu ko uku. Daga nan mawaƙi ya saba da wurin, mamakin da ake nema ya tafi.

Mutanen wurin

Mai shago, direba, mai gadi da maƙwabta sun riga ka zuwa. Ka yi musu sallama, ka faɗi abin da ya kawo ku da tsawon lokacin da za ku ɗauka. Wanda aka nemi izininsa yakan kashe maka firji da kansa. Wanda aka raina yakan ƙure rediyo. Masu wucewa kuwa kada a kore su, kada kuma a shirya su. Wanda fuskarsa ta fito sosai a tambaye shi bayan an gama, yara kuma sai da yardar iyayensu. Tashar jirgi, asibiti da wuraren ibada suna da hukuma da ƙa'ida, a bi ta ƙofa.

Tacewa da fitarwa

Kafin ku tashi, kowa ya yi shiru a naɗi sautin wurin na rabin minti, zai yi amfani wajen toshe giɓi. A kwamfuta aikin kaɗan ne: a haɗa tafi da tafi, a daidaita makirufon ƙirji da na ɗaki, a gyara launi. Jarabar da za ka yi yaƙi da ita ita ce gyaran murya da share ƙarar titi, domin kana gama sharewa ka koma situdiyon da ka gudo daga gare shi.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ya kamata a gama tun kafin a kunna kyamara: waƙar ta mawaƙi ce, wani lokaci da kamfaninsa, hoton kuma naka. A rubuta wa zai saka a YouTube, wa zai karɓi kuɗin talla idan ya samu, kuma mawaƙi ya gani kafin a saki. A ƙarƙashin bidiyon a sa sunan kowane makaɗi, sunan mai sauti, ranar ɗauka da sunan wurin.